Zanen de Chirico: ta ina mai koyo zai fara?

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum malamai. Ina son gwada salon nan na Italiya mai kama da mafarki, pittura metafisica. Wanne zan fara kallo?

Malam Mai Buroshi: Wa alaikumus salam. Fara da ayyukan Giorgio de Chirico na 1910 zuwa 1918, don nan ne ƙarfinsa yake. Nemi The Song of Love na 1914 da ke gidan adana zane-zane na MoMA a New York: kan mutum-mutumin Apollo, gunkin Girkawa, da safar hannu ta roba an kafe su a bango, ga koren ƙwallo a ƙasa, jirgin ƙasa na wucewa can baya. Kowanne ka san shi, haɗuwarsu ce ba ta da dalili. De Chirico ya karanta masana falsafa Nietzsche da Schopenhauer sosai, ya tafi a kan cewa idan aka raba abu da amfaninsa na kullum, sai ya koma abin al'ajabi.

Malama Mai Launi: Ka haɗa da mai zane Carlo Carrà. Sun haɗu da de Chirico a garin Ferrara a 1917, suka yi zane tare a asibitin soja. Gidan adana zane-zane na Pinacoteca di Brera a Milan na da ayyukan Carrà na lokacin. Amma ka riƙa duba shekara, domin de Chirico ya maimaita tsofaffin zanensa daga baya, wasu har ya sa musu shekarar da ba tasu ba.

Malam Mai Buroshi: Wajen aiki kuwa, kada ka bari layukan gine-gine su haɗu wuri ɗaya a nesa. Barandar hagu ta nufi wani wuri, bangon dama wani wurin, ƙasa ta ɗan tashi kamar za ta zubar da abin da ke kanta. Idan lissafin ya yi daidai, hoton titi kawai ka yi. Rana ta yi ƙasa kamar bayan la'asar, inuwa ta yi tsawo, a samu guda da ba a ganin mai ita.

Ɗalibin Zane: Malama, launi fa? Nawa yana fitowa kamar hazo.

Malama Mai Launi: Ai goge gefuna kake yi, ɗana. Wannan mafarkin ba na hazo ba ne, komai tas yake. Ja layi da rula, ka shafa fenti sirara. Kala biyar sun isa: rawayar ƙasa, jar ƙasa, kore, fari, baƙi. Sama ta fara da kore mai duhu, ta sauko zuwa rawaya. Inuwa kuma ka gauraya jar ƙasa da kore, baƙi zalla yana kashe ta. Kaya uku ko huɗu a fili sun wadatar.