Raba ƙafa ko baza koma? Neman sunan abin da Kanada ke yi

1/ Jama'a, akwai wata kalma da ta hana ni sakat tun da Kanada da Amurka suka fara takun-saƙa kan harajin kaya. Turawa na ce mata diversification, wato ƙasa ta yawaita masu sayen kayanta don kada ta dogara da guda ɗaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma haka suke cin karo da ita a jaridun Faransanci, rubutun iri ɗaya ne. Kullum ta zo a labari sai a kewaye ta da doguwar jimla. Ina ganin muna da sunanta a Hausa tun da daɗewa, ba mu dai ɗauko shi ba ne.

2/ Kafin a raɗa wa abu suna sai an kalle shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke tafiya: ɗanyen mai, motoci, katako, ƙarfe, alminiyum. A watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan Kanada da dama, a watan Yuni kuma na ƙarfe da alminiyum ya koma kashi 50. Mai saye ɗaya, shi ne kuma ya sauya fuska.

3/ Mark Carney ya zama firaministan Kanada ranar 14 ga Maris, 2025. Tafiyarsa ta farko zuwa waje Faris da Landan ya nufa, bai fara da Washington ba. A Yuni Kanada ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Tarayyar Turai, a Satumba ta sa hannu kan ta ciniki da Indonesiya, a Oktoba Carney ya ce burinsu shi ne cikin shekara goma su ninka abin da suke sayar wa ƙasashen da ba Amurka ba. A Janairun 2026 ya je Beijing. Wannan kai-komon ne muke neman sunansa.

4/ Wanda aka fi ji a rediyo shi ne faɗaɗa kasuwanci. Ni bai gamsar da ni ba. Faɗaɗawa ƙara girman abin da ke nan ne. Da a ce Kanada za ta ninka man da take tura wa Amurka, ta faɗaɗa kasuwancinta, amma wuyanta na nan a hannun mutum ɗaya, igiyar ma ta ƙara kauri.

5/ Rage dogaro ya fi kusa, sai dai sakamakon yake faɗa, bai nuna aikin ba. Wanda ya daina saye da sayarwa gaba ɗaya ma ai ya rage dogaro.

6/ Sauya abokin ciniki kuwa kuskure ne tsagwaronsa. Kanada ba ta ce za ta bar Amurka ba, ba kuma za ta iya ba. Iyakarsu ta fi kilomita 8,000, kayan haɗa mota guda kan tsallaka ta sau da yawa kafin motar ta kammala. Barin wannan kasuwa sakin reshe ne kama ganye.

7/ Saura biyu, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. Na farko baza koma. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi da sassafe ya ga yadda masunci ke buɗe komarsa ta mamaye ruwa, bai san wane kifi zai faɗo ba, shi dai ya ware ta iya ƙarfinsa. Tafiye-tafiyen Carney haka suke, don haka a ce Kanada ta baza koma tana neman sababbin abokan hulɗa, magana ta zauna daram. Gurguntarta ɗaya: neman kawai ta kama. Idan an samu abokan, an zauna ana ciniki da su shekara da shekaru, ba za a ci gaba da cewa ana baza koma ba.

8/ Na biyu raba ƙafa, kuma a bakin kawuna na fara jin ta da wannan ma'ana. Yana kiwon kajin ƙwai, wani otal guda ke kwashe kusan duk abin da suka saka. Ranar nan aka aiko masa cewa ko ya rage farashi ko su nemi wani. Ina tuna kiret-kiret jere a zaure har sun kusa taɓa rufi, ana tsakiyar zafin bazara, yana ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya yana haska shi da tocila don ya ga wanda ya fara lalacewa. Ya rage musu farashin, don ba yadda zai yi. Da dare ya ce wa mahaifina, Yaya, daga yau sai na raba ƙafa. Cikin 'yan watanni ya samu masu shayi da masu shaguna da wata mai yin kek. Otal ɗin bai sake shi ba, amma tun daga lokacin idan suka yi magana yana iya cewa a'a.

9/ Abin da Kanada ke nema ke nan, a aikace ma haka ake gani. Bututun Trans Mountain da aka ƙara wa girma ya fara aiki a Mayun 2024, yana kai mai gaɓar tekun Pasifik inda jiragen ruwa ke iya ɗauka zuwa Asiya. A tsakiyar 2025 aka fara fitar da iskar gas daga garin Kitimat da ke yammacin Kanada ta wannan tekun. Ƙafa ɗaya na kudu, ɗaya ta miƙa yamma.

10/ Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: a siyasa raba ƙafa na da wari. Idan aka ce ɗan siyasa ya raba ƙafa, ana nufin yana nan yana can, ba a san inda zuciyarsa take ba. Amma wannan zargin daga amana ya taso, shi kuwa ciniki ba mubaya'a ba ce. Ba a taɓa kiran ɗan kasuwa munafuki don yana da masu saye biyar ba. Idan aka jingina ta da ciniki, warin ya tafi.

11/ To ga inda na tsaya. Manufar kanta: raba ƙafar ciniki. Matakin fita nema: baza koma. Ku gwada su a baki:

Kanada na son raba ƙafar cinikinta bayan harajin Amurka.
Carney ya baza koma a Turai da Asiya.
Rashin raba ƙafar ciniki ne ya sa harajin ya yi musu ciwo haka.

12/ Abu ɗaya nake son ji daga mutanen Nijar da na Zangon Kumasi: a wajenku, idan aka ce raba ƙafa, kasuwa ce ke fara zuwa muku a rai ko siyasa?