Gyaran kicin: nawa kuka kashe, kuma da me kuka fara?

Maman Biyu, Gwammaja, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashi adashi, naira dubu 400, kuma na ƙudurta a kicin zan zuba su. Daɓen ya farfashe, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, taga ɗaya ce 'yar mitsitsiya, wanke-wanke kuma sai a tsakar gida. Kafintan da na kira ya auna ya ce kabet kaɗai zai cinye kuɗin, har sai na yi ciko. Don Allah wadda ta taɓa gyara nata ta gaya mana abin da ta kashe da abin da ta fara yi.

Anti Malama, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dakatar da kafintan nan tukuna, ki kira magini. A ƙarshen 2023 na yi nawa, Allah ya taimake ni kafin buhun siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024, kuma duk abin da na kashe bai kai dubu 300 ba. Kanta aka gina min da bulo, aka zuba kankare da rodi a sama, aka bi ta da tayil, aka bar ramin sinki a gindin taga. Da labule na fara rufe gabanta, sai da hali ya samu aka sa ƙofofin alminiyom. Ruwa ba ya kumbura ta, gara ba ta cin ta, tukunya da zafinta nake ɗorawa.

Inda nake so ki tsaya da kanki shi ne wajen tsayi. Magina sun saba ɗaga kanta kusan santimita 90, kuma hakan ya yi daidai da yanka da wanke-wanke. To tuwo fa? Ki ɗora kan gas a wannan tsayin, ki ɗora tukunyar tuwon mutum goma, ki ɗauki muciya: kafaɗa ba za ta jure ba, tukunyar ma rawa za ta dinga yi. Sai na sa aka yi min ɗan dandamali a gefe, tsayin bulo ɗaya, nan nake ajiye kan gas ɗin, in ja kujera 'yar tsugunno in tuƙa hankali kwance. Maginin ya ce zai ɓata tsari, na ce masa ni ce mai girkin. Yau babu inda nake amfani da shi a kicin ɗin kamar nan. Turmi kuwa kada ya hau tayil, ki bar masa wurinsa a waje.

Amarya, Rigasa, Kaduna

Mu 'yan haya namu lissafin daban ne, ba a zuba siminti a gidan wani. Dubu 70 na kashe. A kasuwar Fanteka aka haɗa min teburin ƙarfe mai hawa uku da kantar jera kwanuka, na yi fenti mai mai saboda yana goguwa, aka sa raga a taga, na shimfiɗa leda. Hatsi da gari duk na juye a robobi masu murfi, tun daga nan ɓera da kyankyaso suka yi sauƙi. Ranar tashi a-kori-kura ɗaya za ta kwashe komai.

Hajiya Babba, Gwarimpa, Abuja

Ni kam na kashe, ya tasam ma miliyan 6. Kabet na HDF, wato katakon da ake matsawa a masana'anta, sama da ƙasa, saman baƙin giranayit, na'urar zuƙe hayaƙi, tayil daga kasuwar Dei-Dei. Ina jin daɗinsa ƙwarai, komai da mazauninsa, shara da goge-goge ba wuya.

Amma 'yata, bari in faɗa miki abin da hoto ba ya nunawa. Kabet ɗin ƙarƙashin sinki ya kumbura ya ruɓe saboda wani ɗigo da ido bai gani ba, sai da aka sake shi ɗungum. Na'urar hayaƙi sai da wuta, ranar da aka ɗauke kuwa taga ce ke ceton mu. Sannan duk girki mai nauyi, suyar naman layya, babbakar kai da ƙafa, abincin suna da na sadaka, a 'yar rumfar baya ake yin su kan murhu, kuma kuɗin rumfar nan bai taka kara ya karya ba. Giranayit ɗin dai ya biya kuɗinsa. Aminiyata farin mabul ta sa, manja da lemon tsami suka yi masa tabon da ya ƙi fita. Kada hotunan Instagram su sa ki raina kantar bulo.

Mai Famfo, Ƙofar Ruwa, Kano

Hajiyoyi a gafarce ni na shigo zancen mata, sana'ata ce ta jawo ni. Abin da zai shige bango da ƙarƙashin ƙasa shi ake fara yi: ruwa, magudana, wayarin. Gidaje da yawa na shiga an gama tayil tsaf, sannan a ce in jawo famfo, dole in fasa.

Bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke a ba shi gangara sosai, kada a yawaita masa kwana. Manja da kitse suna daskarewa a ciki, musamman da hunturu, shi ne sinki ke toshewa. A bar wata mabuɗa a waje da za a iya zura waya a fasa toshiyar. Kafin a rufe bututu da siminti, a saki ruwa ya kwana a ciki a ga ko yana yoyo.

Wuta ba fannina ba ce, amma ki ce wa mai wayarin soket na kicin da waya mai kaurin 2.5 ake ja, ba 1.5 ta ƙwan fitila ba. Butar lantarki kaɗai tana jan wajen wat 2,000. Tukunyar gas kuma kada a kulle ta cikin kabet. Gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. A gina mata ɗan keji a waje, a huda bango a shigo da tiyo mai kyau.

Kaya ki sa maigida ko ɗan uwa ya saya da kansa, ma'aikaci a yi jinga da shi a kan aikin hannunsa, kuma kada a biya duka sai an gama. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44. Ki ƙara kwali ɗaya a kan lissafi ki ajiye, don launin da kika saya yau ba lalle ki same shi baɗi ba. Na ƙasa ki zaɓi mai kaushi, mai sheƙi yana kayar da mutum idan mai ya zuba.

Kafinta, Rijiyar Lemo, Kano

Anti Malama, a yi mana adalci. Katako ba shi da laifi idan an san inda za a sa shi. Na ƙasa a yi da bulo, na yarda. Amma na sama, inda ruwa ba ya kaiwa, faranti ɗaya ko biyu na HDF mai ƙafa 4 da 8 za su ba Hajiya wurin kayan miya da tangaran. Katakon MDF, wanda bai kai HDF ƙarfi ba, shi ne ba ya shiri da laima ko kaɗan, kuma a tabbatar an rufe bakin katakon duka, don ta nan ruwa ke shiga.

Inna, Birni, Damagaram

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Nan wajenmu tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 gas ya fara shiga gidaje, amma ba mu saki itace da gawayi ba. Jika 150, wato sefa dubu 150, na kashe, rabi a kan rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe don murhu, rabi a kan ɗakin da gas yake. Abin da ya canza min rayuwa ramuka biyu ne da magini ya buɗe a saman bango, dab da rufi, ya sa musu raga. Hayaƙi da zafi sama suke hawa, nan suke fita. Da can idona kullum ja, ga tari duk lokacin sanyi, yanzu alhamdu lillahi. Kuma don Allah kada a kunna gawayi a rufe ƙofa da taga, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa.

Maman Biyu, Gwammaja, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam Mai Famfo, tagar tawa ana iya faɗaɗa ta ba tare da bangon ya tsage ba? Ginin tsoho ne.

Mai Famfo, Ƙofar Ruwa, Kano

Ana iyawa Hajiya, amma magini ya fara duba ko akwai linta a samanta, wato kankaren da ke riƙe bangon saman taga, da kuma iya faɗinta. Idan babu, ko sabuwar tagar za ta fi ta faɗi, sai ya tokare saman, ya zuba sabuwa da rodi, a bar ta ta bushe sosai kafin a fasa ƙasa. In ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti, kada a faɗaɗa, a buɗe ƙanana biyu a sama irin na Inna. Kuma a yi aikin kafin damina ta sauka.