Wane kafireto zan ɗora wa tsohon Triumph da aka ƙara wa girman inji?

Assalamu alaikum masana babur, ina neman shawara. Ina da Triumph Bonneville T120 ƙirar 1969, na faɗaɗa silindarsa daga 650cc zuwa 750cc, na kuma sa masa buɗaɗɗiyar salansa. Kafireton Amal guda biyu masu faɗin milimita 30 da ya zo da su sun cinye har makullin iskar ciki yana karkarwa, don haka na maye su da kafireton Mikuni VM34 masu faɗin milimita 34.

A guje ba shi da laifi. Amma daga tsaye, da zarar na murɗa totur kaɗan sai ya shaƙe kamar zai mutu, sannan ya fizga. Fulogi biyun kuwa baƙi ƙirin, busasshen toka. Na rage ƙaramin jet (ƙofar da fetur ke bi a cikin kafireto), na sauke allurar kafireton, cigaban kaɗan ne.

Zargina shi ne 34 ɗin ya yi masa faɗi, iska ba ta gudu sosai a ƙasa balle ta ja fetur daidai. Shin in koma VM32, ko in sayi sabon Amal? Wanda ya taɓa yin wannan haɗin, don Allah wace lambar jet da allura ta zauna masa?