Naman jiki na rawa, ana tsoron ALS: wa ya kamata a gani daga Gusau?

Malam Bashir (mai kula da zaure): Assalamu alaikum. Wani ɗan zauren nan ya turo tambaya, ya ce a sakaya sunansa. Shekararsa 29, yana zaune a Tudun Wada. Wata huɗu ke nan naman sha-raɓarsa da fatar idonsa suna rawa, wani lokaci har damtse. Ya shiga intanet ya ci karo da ciwon da ake kira ALS ko MND, irin na Stephen Hawking, tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Kullum yana gaban madubi yana duba harshe. Yana neman shawara: wane likita, wane gwaji, kuma a ina. Masana, bismillah.

Dakta Aliyu: Wa alaikumus salam. A fara tambayarsa abu ɗaya: akwai aikin da hannunsa ko ƙafarsa suke yi a da, yanzu sun kasa? Ciwon nan yana kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, don haka alamarsa gazawa ce ƙiri-ƙiri. Mutum ya kasa murɗa makulli, ya kasa saka maɓallin riga, silifas ya riƙa suɓuce masa a ƙafa ɗaya, yatsun ƙafa su riƙa jan ƙasa har ya yi tuntuɓe. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zabge, wurin ya yi rami. Ko magana ta fara lauyewa har mutanen gida su lura kafin shi. Jin kasala ko nauyin jiki daban, gazawa daban.

Sannan ba ya tsayawa wuri guda, ba ya kuma yin sauƙi yau ya dawo jibi. Gaba yake ci wata bayan wata. Rawar nama ta wata huɗu mai yawo daga ido zuwa ƙafa, ƙarfi na nan yadda yake, ba haka yake zuwa ba. A ƙasashen Turai inda ake da ƙididdiga mai kyau, kusan mutum 2 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, akasarinsu sun haura 50. Ita kuwa rawar nama, yawancin masu lafiya ƙalau suna yin ta.

Maman Khairat: Dakta ai mu da ido ya yi rawa cewa muke za a ga baƙo. Yanzu waya ta mayar da abin ciwon ajali.

Sista Hauwa: Ƙari a kan na Dakta. Idan yana jin kamar tafiyar kiyashi, ko ana tsira masa allura, ko wuri ya yi dindiris, wannan ma nesanta shi da ALS yake yi, domin ciwon bai cika taɓa jijiyoyin ji ba. Mai fargaba yana numfashi sama-sama da sauri ba tare da ya sani ba, shi ke kawo wannan tsira-tsiran a yatsu da kewayen baki. Maganar harshe kuma, duk wanda ya zaro harshe waje ya riƙe shi sai ya yi karkarwa. Likita yana duba shi ne yana kwance a cikin baki, an saki jiki. Gwajin madubin nan ba ya nuna komai.

Baban Ilham (harhaɗa magunguna): Malam Bashir a tambaye shi abin da yake ci da sha. Goro, Nescafé, shayi mai kauri, lemon ƙara kuzari, duk akwai sinadarin caffeine a ciki, kuma shi ne kan gaba wajen sa nama rawa. Kofin kofi yana da wajen miligram 80 zuwa 100, na shayi wajen rabin haka, ƙaramin gwangwanin lemon kuzari wajen 80. Rabin sinadarin yana nan a jini bayan awa biyar, shi ya sa na la'asar ke hana barcin dare, rashin barcin kuma ya ƙara rawar. Kada ya yanke lokaci ɗaya, ciwon kai zai kama shi. Ya rage rabi a makon farko, ya daina sha bayan azahar, sannan ya ƙarasa.

Magunguna ma akwai: salbutamol na masu asma, prednisolone da dexamethasone da ake saye barkatai a kemis, da magungunan hawan jini masu sa fitsari irin su furosemide, waɗanda ke zubar da potassium da magnesium. Zufar bazara da gudawa su ma haka.

Auwal Kanti: Ni a ganina ya wuce kai tsaye a yi masa EMG da MRI, kowa ya huta. Kafin nan ya samu allurar bitamin B a kemis.

Dakta Aliyu: Auwal, ban goyi bayan wannan tsarin ba. EMG allura ce siririya da ake sokawa a tsokoki daban-daban ana sauraron wutar da suke fitarwa, ana haɗa ta da gwajin gudun saƙo a jijiya, abin ya ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya. Za ta iya nuna rawar naman a jikin mai lafiya, tunda rawar gaskiya ce. Abin da likita ke nema daban ne, wato shaidar cewa jijiya na mutuwa a sassa da yawa. Mai waswasi ya karɓi takarda ya ga kalma ɗaya da bai gane ba, ya koma intanet, an koma gidan jiya. MRI kuma, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ba ta tabbatar da ALS, ana yin ta ne don a duba ko ƙashin wuya ke danne laka.

Ya fara da likitan manya a asibitin tarayya na FMC Gusau ko asibitin Yariman Bakura. A gwada ƙarfin kowace gaɓa da hannu, a buga guiwa da gwiwar hannu da 'yar guduma, a sa shi ya yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, a shafi tafin ƙafa. Minti goma sha biyar na wannan ya fi gwajin dubban nairori. Awon jini: suga, gishirin jini har da calcium da magnesium, TSH na maƙoshi, B12, da CK na tsoka. Idan likitan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, shi zai rubuta takardar turawa zuwa likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Sakkwato, ko Shika, ko na Malam Aminu Kano.

Baban Ilham: Allurar bitamin ɗin ma a bari. Idan aka yi ta kafin awon B12, sakamakon zai fito lafiya ko da akwai ƙaranci. B6 kuma idan ya yi yawa tsawon watanni shi da kansa yana lalata jijiya.

Baba na Anka: Yara ku saurara, kun manta da abin da ag ga ƙasarmu. Ku tambayi yaron ko shina aikin haƙar zinari, ko niƙan dutse, ko gyaran batir. Ba mu manta 2010 ba, sa'adda gubar dalma tak kashe yara sama da 400 yankin Anka da Bukkuyum. Babba shi ma tana kama shi, hannu ya saki daga wuyan hannu shi kasa ɗagawa, ga ciwon ciki da taurin bayan gida. Sai manoma masu feshi ba safa ba takunkumi.

Dakta Aliyu: Allah ya ƙara girma Baba, wannan ita ce maganar da intanet ba za ta gaya masa ba. Dalma tana kawo rauni ba tare da dindiris sosai ba, shi ya sa take kama da ciwon da yake tsoro, kuma ita tana da magani. Awon dalma a jini ake nema, likita ba zai rubuta ba sai an gaya masa sana'a. Maganin feshi da fiya-fiya kuma suna sa nama rawa sosai, amma tare da dalalar miyau, zufa, amai, da tsukewar ƙwayar ido. Wannan na gaggawa ne, a cire kayan, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti nan take.

Anti Rabi (sashen gashin ƙashi): Ƙafa mai jan ƙasa ma sau da yawa jijiyar gefen guiwa ce ta danne saboda dogon tsuguno ko harɗe ƙafa. Zabgewar naman tafin hannu tare da dindiris kuma a nan sai an duba danniyar jijiya a wuyan hannu, ciwon suga, da kuturta. Roƙona ya daina gwada kansa. Mai ɗaga dunduniya sau hamsin a rana yana matsa damtse, tsokar za ta gaji ta yi ciwo ta ƙara rawa. Kuma ba wanda ƙafafunsa biyu suke daidai a kauri, ya ajiye tef ɗin tela.

Malama Zainab: Ni inda na fi damuwa shi ne bayan likita ya ce lafiya lau. Zai samu natsuwa ta kwana biyu, sai tunanin "idan fa bai duba da kyau ba" ya dawo, ya nemi wani likitan. Neman tabbacin kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗi na minti ɗaya, kurji na ƙara faɗi. Wannan fargabar ciwo ce mai zaman kanta, kuma tana jin magani.

Abin da ake yi: likita ɗaya, ranar komawa ɗaya, misali bayan wata uku, ba a zuwa tsakani sai in wani aiki ya gagara da gaske. Ya rubuta sau nawa yake duba jikinsa a rana, ya rage rabi kowane mako. Ya fita daga zaurukan masu ciwon a Facebook, ya daina binciken alamomi. Ya ware minti 15 da rana, ba dab da barci ba, ya zauna ya rubuta duk abin da yake tsoro. In tunanin ya zo a wani lokaci ya ce masa sai lokacinka. In kirji ya ɗauka, ya ja numfashi yana ƙirga huɗu, ya sake yana ƙirga shida, na minti biyar. 'Yan gida kuma su daina amsa "duba min hannun nan". Da tausasawa za a ce mun yi alkawari ba za mu duba ba.

Idan barci da aiki sun lalace, ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Zaman gyaran tunani da ake kira CBT shi ne kan gaba, wani lokaci a haɗa da sertraline ko fluoxetine. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfani, kuma a makon farko jiki na iya ƙara rawa, a nan mutane ke jefar da su.

Maman Khairat: Malama da an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware fa shi ke nan, dangi sun ce ya taɓu.

Malama Zainab: Hajiya masu rashin barci da fargaba suna zuwa asibitin Kware su ga likita su koma gida a ranar, ba kwantar da su ake ba. Ba lallai ma ya je can ba, ya nemi likitan da ya duba shi a Gusau ya haɗa shi da ɓangaren ƙwaƙwalwa. Addu'a da azkar ya riƙe su, amma kada a ce masa sammu ne, wani sabon abin tsoron za a ɗora masa.

Baban Ilham: Kada wani ya ba shi diazepam ko Lexotan ko tramadol wai ya samu barci. Mako kaɗan jiki ya saba, ranar da ya daina kuma rawar ta ninka.

Sista Hauwa: Abin da ba a jira da shi, ga kowa a zauren: ɓarin jiki ya saki farat ɗaya ko baki ya karkace, rauni ya taso daga ƙafafu yana hawa cikin kwanaki, ana ƙwarewa da ruwa a kai a kai, ko numfashi na gagara in an kwanta. Waɗannan sashen gaggawa ne a ranar.

Malam Bashir: Na tura masa duka. Ya ce ba ya haƙar zinari, amma goro uku da Nescafé biyu yake yi a rana, yana kwana kan waya. Yana tambaya ko sai da azumi ake awon jinin.

Dakta Aliyu: Na suga ne kawai ke son awa takwas ba ci, ruwa ba laifi. Ya je da safe, ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.