Wace manhaja ce za ta riƙe shafin shagona?

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Sabon Gari, Zariya, kuma wata biyu ke nan shafin intanet na shagon yana ba ni ciwon kai. Na kafa shi a kan WordPress (manhajar gina shafin intanet) da WooCommerce (wadda ke mayar da shafin shago), amma tun da na sabunta wata ƙaramar manhajar biyan kuɗi, duk wanda ya zo biya sai shafin ya koma fari fat. Na cire ta na sake sakawa, abin bai gyaru ba. Na duba Shopify, wani dandalin buɗe shago a intanet, sai dai biyan kuɗin wata da dala ya fi ƙarfina. Don Allah, wace manhaja ce yaran shago za su iya saka hotunan kaya da waya, masu saye kuma su biya da naira?