Wa zai sayi wakenmu? Musayar baitoci daga kasuwar Maradi, kakar 2024

Ɗan Kadro:
Salamu alaikum jama'a. Kaka ta yi, wake ya shigo, ga kuma dokar da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Oktoban 2024 mai hana fita da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, in ba Mali ko Burkina za a kai ba. Ƙwar huɗu za mu yi, ɗango na huɗu ya sauka kan "wa". Wanda ba shi da baiti ya gyara zama ya yi kallo.

Bismillahi na buɗe kasuwa,
Wake ya cika rumbu har da garwa,
Hanyar Jibiya an hana wucewa,
Wa zai saye mu samu ƙaruwa?

Dawanau ke ɗauke mana kaya,
Ɗan Isa, Jibiya, ga ta hanya,
Bamako ko sai ka ƙare taya,
Kuɗin mota ya cinye ribar kowa.

Bagobirin Tibiri:
Ɗan Kadro, kukan naka na dillali,
Ka saye da arha, mun san ka da hali,
Ka kulle har bazara kan dalili,
Mai noma ya dawo saye cikin yunwa.

Doka ta zo don tiya ta sauka,
Bana ruwa ya rushe ɗaki da bukka,
Gonaki sun nutse tun kafin kaka,
In an fitar, me za a ba talakawa?

Bazabarmen Sabon Gari:
Bagobiri bawana mai yawan zane,
Kana yabon doka kana a zaune,
Wake ba gero ba, kayan kuɗɗi ne,
Shi ke sayen taki da kayan sawa.

Abin da munka noma ya fi cinmu,
Najeriya ce babbar kasuwarmu,
In ya faɗi, baɗi duba gonakinmu,
A rage shuka, a zo ana nemawa.

Sefa na ɗaure da yuro, tana bisa,
Naira ta saki, kullum tana ƙasa,
Bakano ya zo da kuɗinsa Ɗan Isa,
Ya canza, sai ya ga ba ya iyawa.

Don kar a ce na yi waƙa ba lissafi: yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ba ya motsi. Ita ko naira tun da aka sake ta a Yunin 2023, jikka ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Ko ba doka, kayanmu sun yi wa Bakano tsada, nasa sun yi mana arha. Doka ta zo ta tarar da mai saye ya riga ya ja baya.

Hajiya Mai Ƙuli ta Bagalam:
Alhazai, kun cika mana kunne da iyaka. Cikin gida ma akwai bakin ci.

Ku bar musu, ku zo ku koyi talla,
Man gyaɗa a tace shi ya yi kala,
Lita, rabin lita, sannan jumla,
Kowane aljihu ya samu shigowa.

Kwalba a wanke, a kife ta bushe,
Ɗigon ruwa kan sa shi wari ƙarshe,
Murfi da leda, baki a toshe,
Takarda: suna, lamba, ranar matsawa.

Hoto da hantsi, ba cikin ɗaki,
Rubuta kuɗin a kai, ya fi sauƙi,
Ki aika murya a ji daga baki,
Da yawa a ƙauye ba su karantawa.

Waken da kun ka ce ya rasa gata,
A surfe, a bushe, inji ya niƙa ta,
A ƙulla rabin kilo, mata su mallake ta,
Garin ƙosai, ɗanwake da beruwa.

Abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum sai an sake. Kuma kuɗi su shigo ta Nita ko Amana kafin kaya su hau mota, ko da ɗan ƙanwarki ne ya yi oda.

Bagobirin Tibiri:
Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Bari in sallami wancan bawan tukuna.

Bazabarme, koma ka ci kopto,
Ka jibge wake fal cikin sito,
Shi ya sa kake ta neman ceto,
Bawa ba ya koya wa sarki hawa.

Janar Tiani, namiji, sannu da aiki,
Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta rufe mana iyaka da banki,
Kuran ya ɗauke, ba mu yi raki,
Litar mai ta dawo 499, sai godewa.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba na Tibiri, ka yi min uzuri,
Kwalaben ruwa-ruwa sun ragu a gari,
Tun Mayun 2023 Abuja ta sake tsari,
Tallafin mai ya tafi, sana'a na mutuwa.

Masu jarka duk sun koma kabu-kabu,
Babur ya yi yawa, fasinja babu,
Mai babur na jira, akwai ko babu,
Wasu sun bi Agadas, sai addu'ar dawowa.

Malamin Lakwal na Zariya:
Ku dakata. Bagobiri, wannan ɗango naka mai kwanan wata, in an karanta shi da baki ya haura gaɓa talatin, na farkonsa ko bai wuce sha uku ba. Sanarwar rediyo ce ka cusa cikin baiti. Kai kuma yaro, "babu" sau biyu a baiti ɗaya ba amsa-amo ba ne, rashin kalma ne. Hajiya, da girmanki, "ɗaki" da "sauƙi" ba sa zama layi ɗaya, k daban, ƙ daban. Kuma wake namiji ne, kin ce "niƙa ta" don kawai "gata" ta samu abokiya.

Bazabarmen Sabon Gari:
Bawana ne, ni kaɗai ke da ikon dukansa.

Malam, waƙa ai ba ƙirga ba ce,
Nauyin gaɓa ake bi in an dace,
Mai nauyi, marar nauyi, a tantance,
Kai ka tsaya ga yatsu kana lissafawa.

Malamin Lakwal na Zariya:
Na yarda, nauyi ake aunawa. To auna mini ɗangon nan ka faɗi baharin da ya hau. Ramal ne? Mutadarak? Kamil? Ba ya hawa ko ɗaya.

Hajiya Mai Ƙuli ta Bagalam:
Malam, ƙa'ida ta ce wanda ba shi da baiti ya yi kallo. Ina naka?

Malamin Lakwal na Zariya:
Ni dai ina kira da hankali,
Kowa ya bi awo da jadwali,
Waƙa da kasuwa da asali,
Tiya ta zam cikakka gun kowa.

Ku ƙirga. Goma-goma ne.

Hajiya Mai Ƙuli ta Bagalam:
Baitinka, Malam, ya yi goma-goma,
Miya ce ba gishiri, ba nama,
Albashi ke jiranka, ba ka noma,
Ina ka san ciwon haja na kwantawa?

Ɗan Kabu-kabu:
Inna ta gama da shi wallahi. Hajiya ce sarauniyar zauren nan.

Bagobirin Tibiri:
Sarauniya dai, amma baitin yabon Janar ya fi duka ma'ana, ko ya yi tsawon hanyar Dakoro.

Mai Sito na Tasawa:
Ku yi haƙuri, sai yau na ga saƙonnin. Kwana biyu kuna auna gaɓa, Ɗan Kadro na tsaye da wakensa, ƙwaro ko ba ya jiran a buɗe iyaka.

In babu mai saye, a koyi ajiya,
A sheƙe wake, a ba shi shanya,
Ciji ƙwaya: in ta yi ƙas, ta shirya,
In ta lotsa, da sauran bushewa.

Buhun PICS, leda biyu ne ciki,
Na waje saƙaƙƙe, mai jure aiki,
Hura kowace leda, ka toshe baki,
In iska na fita, sai canzawa.

Ka zuba, ka girgiza, iska ta fita,
Murɗe bakin ta farko, ka lanƙwasa ta,
Ɗaure, ta biyun ma haka za ka yi mata,
Kowace da igiyarta, ban da haɗawa.

Ƙwaro, rashin iska ke kashe shi,
In ka buɗe don leƙe, ka raya shi,
Bisa katako, nesa da bango, jera shi,
Ɓera in ya huda, sai sakewa.

Ba a sa ƙwayar magani a irin wannan buhu, ɓarnar kuɗi ce. Kar a cika shi har wuya, a bar wurin murɗawa. Kara da tsakuwa su ke huda ledar ciki, shi ya sa sheƙewa ta zo farko.

Mai buƙatar kuɗi yanzu kuma, akwai bashin jingina, wanda ƙungiyoyin manoma ke kira warantaji. Ƙungiya ta tara buhuna a sito ɗaya, a sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya gun ƙungiya, ɗaya gun asusun da ya ba da bashi. Asusun ya ba da wani kaso na kuɗin kayan bisa farashin kaka, ba duka ba. A yi kiwon rago ko noman rani da kuɗin, bazara a biya, a buɗe sito a sayar. Inda take lalacewa: duk lissafin ya rataya ga tashin farashi tsakanin kaka da bazara. Abin da ke tayar da na wake ko, mai sayen Najeriya ne. In bai zo ba, farashi ya tsaya, kuɗin ruwa da hayar sito da kuɗin buhu su cinye bambancin. Bana duk wanda zai jingina, gero ya fi wake aminci.

Ɗan Kadro:
Alhaji na Tasawa, kai kaɗai ka amsa. Amma ka ga ƙarshen maganarka ta dawo kan tawa.

Na ɗaure leda, na kashe ƙwaro,
Na sa kwado biyu don ɓarawo da tsoro,
Bazara ta zo, wa zai zo da aro?
Ajiya ba ta zama sayarwa.

Ana ta shimfiɗa dogo daga Kano,
Kazaure, Daura, Katsina, ana gano,
Ya iso Maradi, me zai ɗauka, kwano?
In doka na nan, sai ya koma da kowa.

Kilomita 284, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashi. Kwatanu a rufe, kayan Lome sai sun ratso Burkina da rakiyar soji. Ƙofa ɗaya ta rage mana kusa, ita ce ta kudu.

Malamin Lakwal na Zariya:
"Wa zai zo da aro" ba ta da ma'ana a nan, don "ƙwaro" ka jawo ta. "Sai ya koma da kowa" ma haka. Jirgin fanko kake nufi, ka ce ya kwashe mutane.

Bagobirin Tibiri:
Ya kwashe dillalai, Malam, daidai ne,
Da Bazabarme, shi ma kaya ne,
A bar mu da gero, mu ci a zaune,
Tiya ta sauka, mu muna ta dakawa.

Bazabarmen Sabon Gari:
Tiya ta sauka, da me za ka saye?
Wakenka na rumbu, kuɗinsa a janye,
Tiya uku da kan ba ka gero huɗu a auye,
Yanzu kawo biyar, ka ji ana dariya.

Malamin Lakwal na Zariya:
"Dariya"? Ina "wa" ɗin? Kuma mene ne "auye"?

Bazabarmen Sabon Gari:
Misali ne na ba shi, ba farashin yau ba. Gyara: "Yanzu kawo biyar, a ce da ƙarawa." Alhaji na Tasawa, aya ma tana shiga buhun nan, ko sai wake?

Mai Sito na Tasawa:
Aya iska take so. Buhun algarara, ɗaki mai sanyi marar laima, a riƙa dubawa. In ba ta bushe sosai ba ka rufe ta a leda, fumfuna za ta yi, ta yi baƙi, mai kunun aya ba zai taɓa ta ba.