Ramin ozon ne ya jawo mana wannan zafin?

Nasiru: Jama'a, zafin bana ya wuce misali. Jiya da azahar ƙarfen ƙofar shagona ba ya taɓuwa. Ni dai na tsaya a kan cewa ramin nan da ya ɓule a ozon, wato iskar nan da ke can sama, shi ne sanadi, shi ya sa rana ke dukanmu kai tsaye.

Malama Hadiza: Ƙanena, ramin ba a kanmu yake ba. A saman Antatika yake, can ƙuryar kudancin duniya, kuma wajen Satumba da Oktoba yake bayyana. Masanan Birtaniya ne suka ba da rahotonsa a 1985.

Nasiru: To Yaya, ai cewa aka yi ozon garkuwa ce. Garkuwa in ta lalace, me zai hana zafi shigowa?

Malama Hadiza: Garkuwa ce, amma ba zafi take tarewa ba. Iskar da ke samanmu hawa-hawa ce. Hawan farko shi ne na gajimare da ruwan sama da ƙurar hunturu. Na biyu ya kai kilomita 50, a nan ozon ta fi taruwa, tsakanin kilomita 15 da 35. Abin da take shanyewa hasken ultrabayolet ne, wanda ido ba ya gani, amma yana ƙona fata, yana kawo sankarar fata da yanar ido. Zafin da ke ƙaruwa kuwa iskar kabon ce ke riƙe shi a ƙasa.

Baba Audu: Malama, kada a kore maganar yaron nan gaba ɗaya. Shekarata talatin ina gyaran firji. Da can gas ɗin R12 muke ɗurawa, in za mu canza kwamfuresa sai mu yanke bututu, gas ɗin ya fice yana huci, babu wanda ya ce mana komai. Shi ne ke cin ozon, kuma shi ma yana riƙe zafi, har ya fi kabon nesa ba kusa ba.

Malama Hadiza: Gaskiyarka Baba, na karɓa. Bayan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don daina amfani da gas masu cin ozon, aka koma gas ɗin R134a. Shi ba ya taɓa ozon, amma yana ɗumama duniya, dalilin gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2016 ke nan. Gas ɗaya ne, wato R12, ya yi ɓarna biyu, amma ramin kansa ba shi ke dafa Sakkwato ba. Ma yana warkewa, ana sa ran na Antatika ya koma daidai wajen 2066.

Nasiru: Ramin na sake shi. Amma gas ɗin Baba yana da hannu a zafin, wannan ba na janyewa.

Hajiya Binta: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ɗana zabiya ne, ko da hazo ya rufe gari wuyansa sai ya yi jajir. Malama, ashe ke nan ozon ba ta tare hasken duka?

Malama Hadiza: Ba duka ba, Hajiya, wani yana ratsowa har ta cikin gajimare, kuma a yankinmu yana da ƙarfi. A sa masa malafa da riga mai dogon hannu, a shafa masa man kariyar rana, tsakar rana kuma ya zauna a inuwa.